Firitilariya da Masu Rainonta



 An ba ni zaɓi in yi magana a kan duk abin da na ga dama cikin harkar lambu, sai na ɗauko wani fure da akasarinmu ba mu taɓa sa shi a ido ba, kuma ba ya yi a ƙasarmu. Sunansa firitilariya, masana tsirrai suna rubuta shi Fritillaria. Na san akwai wanda zai ce a ransa: ana fama da tsadar taki, malam ya zo mana da furen ƙasar sanyi. Ku ba ni aron kunnuwanku tukuna. Dalilina shi ne ban san wata shuka da ke tona asirin mai lambu kamar wannan ba. Ba ta mutuwa don an yi mata rowa. Yawanci wanda ya fi kula da ita shi ke kashe ta, domin ya ba ta ruwa a lokacin da ƙasarta ta asali ba ta ba ta.

Firitilariya dangi ce mai nau'i sama da 100. Ana samun su daga Yammacin Turai, a bi ta gaɓar Bahar Rum zuwa Girka da Turkiyya da Iran, a ratsa tsakiyar Asiya da tsaunukan Himalaya zuwa Sin da Japan, har a tsallaka yammacin Amurka ta Arewa. Duk ƙasashe ne masu hunturu mai sanyi. Abin da ya haɗa su shi ne fure mai siffar ƙararrawa, mai kunnuwa shida, wanda ke sunkuyar da kai ƙasa. Launin akasarinsu ba mai kiran mutum daga nesa ba ne: ruwan ƙasa, kore, rawaya, da shunayya mai duhu da wani lokaci take kusan komawa baƙa. Mai neman ado kawai yakan wuce su ya sayi furen tulif. Masu firitilariya kuwa mutane ne da za ka gani a durƙushe cikin sanyi, sun ɗaga fure da ɗan yatsa suna leƙa cikinsa.

Abin da ake shukawa shi ne kan da ke ƙarƙashin ƙasa, wanda zan riƙa kira albasa tunda aikinsu ɗaya: rumbun abinci ne da shuka ke kwana a ciki idan lokaci ya yi tsanani. Sai dai akwai bambanci biyu da wanda bai san su ba zai yi ta asarar kuɗinsa.

Na farko, albasar da muke ci tana da busasshen ɓawo da ke rufe ta, shi ya sa manomi ke iya ajiye ta watanni. Ta firitilariya tsirara take. Idan ka ɗora ta a tafin hannu za ka ga farar tsoka ce mai kauri, sau da yawa ɓari biyu manne da juna, ba wata riga. Ka bar ta a iska 'yan kwanaki sai ta yanƙwane, ka ƙuje ta da farce sai ruɓa ta shiga ta wurin. Don haka mai sayarwa na ƙwarai yakan aiko da ita cikin garin katako mai ɗan danshi, mai saye na ƙwarai kuma ba ya bari ta yi mako a kan tebur. Mutane da yawa da suka ce sun gwada firitilariya ba ta karɓe su ba, gawa aka sayar musu tun daga kanti.

Na biyu ya fi muhimmanci. Albasar da ka binne a Satumba ba ita za ka tono a Yulin da ke tafe ba. Shukar tana cinye tsohuwar ƙaf wajen fitar da kara da fure, sannan ta gina sabuwa da abincin da ganye ya sarrafa cikin 'yan makonnin da yake kore. Ke nan furen baɗi ana yanke hukuncinsa ne a bana. Wanda ya ga fure ya bushe ya sa almakashi ya aske ganyen don lambu ya yi tsaf, ya yanke abincin shekara guda. Wanda ƙwaro ya cinye wa ganye a Afrilu, a Yuli zai tono albasa rabin wadda ya shuka.

Bari mu ɗauki guda biyu da aka fi sani, kafin mu je ga waɗanda suka mai da abin ya zama jarabar wasu mutane.

Ta farko ita ce Fritillaria meleagris. Tsayinta kusan santimita 30 ne, kara siriri, ganye kamar ciyawa, fure ɗaya a bisa, wani lokaci biyu. Zanen furen shi ne abin kallo: ɗigo-ɗigo ne na shunayya mai duhu da mai haske jere a tsare, kai ka ce gashin zabo ne aka naɗe aka rataye. Masu ba ta suna a Turai ma zabon suka gani. Akwai kuma fara, wadda sai ka matsa kusa za ka hangi inuwar zanen. Ita wannan 'yar fadama ce. Tana son filin da kogi ke malalewa a kansa da hunturu, ruwan ya janye kafin Afrilu, ƙasa ta zauna da sanyi da laima duk shekara.

A Ingila akwai wani fili da ake kira North Meadow a gefen garin Cricklade, tsakanin kogin Thames da kogin Churn, mai faɗin kusan hekta 44. An ƙiyasta cewa wajen kashi 80 cikin 100 na wannan fure da ke fitowa da kansa a Birtaniya a wannan fili ɗaya yake. Me ya sa nan? Saboda wata tsohuwar al'adar gari da ba a karya ba shekaru aru-aru. Daga Fabrairu ana hana dabbobi shiga, a bar ciyawa ta girma. Furen ya fito a Afrilu, ya yi kwanso, iri ya nuna ya zube. Sai tsakiyar shekara a yanke ingirici, sannan daga Agusta a buɗe wa mutanen gari su saki dabbobinsu. Ba don fure aka tsara haka ba, don abincin dabbobi ne, amma tsarin ya yi daidai da rayuwar furen. Sauran filaye irin wannan kuwa an bi su da garma da magudanan ruwa da takin zamani, musamman daga Yaƙin Duniya na Biyu. An lissafa cewa Ingila da Wales sun rasa kashi 97 cikin 100 na irin waɗannan tsofaffin filayen ciyawa tsakanin shekarun 1930 da 1980. A da yara kan tsinko furen dami-dami a kai kasuwar Covent Garden a Landan. Yau mutane ke yin tafiya takanas su tsaya a bakin hanya su kalla, a Cricklade ko a fadamar kwalejin Magdalen da ke Oxford.

Har yanzu masana na gardama ko ɗan asalin Ingila ne ko daga lambu ya tsere. Masu cewa tserewa ya yi suna da hujja mai ƙarfi: John Gerard ya rubuta shi cikin littafinsa na tsirrai a 1597 a matsayin furen lambu, amma ba wanda ya rubuta cewa ya gan shi a daji sai 1736. Yaya za a yi fure mai irin wannan zane ya cika fadama a kusa da Oxford, gari cike da masu karatu, a ce ba wanda ya lura da shi? Ni dai na fi karkata ga wannan ra'ayi, ko da yake ba ya rage wa furen komai.

Ga mai lambu, darasin a fili yake. Wannan nau'i a binne shi zurfin santimita 10 a ƙasa mai riƙe laima, ko cikin ciyawar da ba za a yanke ba sai iri ya zube, kuma kada a bari ya bushe ƙayau ko da yana barci. Ku riƙe wannan, domin yanzu za mu ga 'yan uwansa da wannan kulawar za ta kashe.

Ta biyu ita ce Fritillaria imperialis, wadda Turawa ke yi wa laƙabi da kambun sarauta. Ita ce ƙatuwar gidan. Kara mai kauri ya miƙe kusan mita guda, ƙararrawa masu ruwan lemo ko rawaya su zagaye samansa suna kallon ƙasa, sannan tukkun koren ganye ya zauna bisansu. Gidanta tsaunukan kudu maso gabashin Turkiyya ne, da arewacin Iraƙi, da Iran, da Afganistan har zuwa Kashmir. A Iran, a yankin Kuhrang cikin tsaunukan Zagros, akwai filin da take rufewa baki ɗaya idan dusar ƙanƙara ta narke. Daga lambunan Istanbul ta isa Viyana a shekarun 1570, lokacin da masanin tsirrai Carolus Clusius ke kula da lambun sarki a can. Shi ne kuma ya koma Leiden ta ƙasar Holan a 1593, kuma an san rawar da ya taka wajen yaɗa furannin albasa a Turai. Bayan shekara ɗari uku Van Gogh ya zana ta cikin tulun tagulla a 1887, zanen yana gidan tarihi na Orsay a birnin Paris.

Idan Allah ya kai ɗayanku inda take, ga abin da zan roƙe shi ya yi. Ya durƙusa ya ɗaga ƙararrawa ɗaya ya duba ciki. A gindin kowane kunne akwai farin gurbi da baƙin zobe ya zagaye, kuma a kowane gurbi ɗigon ruwan zaƙi na rataye yana ƙyalli, guda shida, ba sa faɗuwa. Mutanen Turkiyya saboda wannan ɗigon suke kiranta amarya mai kuka. Ruwan yana da yawa ƙwarai, har ya wuce abin da ƙudan zuma ke buƙata, kuma a 1989 wani mai bincike, Alberto Búrquez, ya wallafa cewa a Ingila wasu ƙananan tsuntsaye ne ke sha, suna kwashe ƙurar furen daga wannan zuwa wancan. Amma kada ya daɗe a durƙushe, domin tana da wari. Albasar da ganyen duk suna fitar da wani ɗoyi da Turawa ke cewa na yanyawa ne. Akwai masu cewa warin na korar ɓeraye daga lambu. Ban ɗauki wannan da muhimmanci ba, don dai ya fi yawa a bakin masu sayarwa.

Albasarta ta kai dunƙulen hannu, kuma a tsakiyarta akwai rami, inda karan bara ya fito. Ramin nan shi ne ajalinta a ƙasa mai ruwa, domin ruwa na kwanciya a ciki. Shi ya sa masu lambu da yawa ke kwantar da ita a gefe bisa shimfiɗar tsakuwa. Zurfi kuma santimita 20 zuwa 30. Wanda ya yi ƙyuyar haƙa zai samu ganye shekara da shekaru ba fure. Tana da ci, tana son ƙasa mai taki da rana, kuma ba ta son a riƙa tashinta daga wuri zuwa wuri.

To, waɗannan biyun kowa na iya saye a kantin lambu. Inda abin ya zama sha'awa ta musamman shi ne ƙananan nau'o'in tsaunuka. Akwai Fritillaria michailovskyi ta arewa maso gabashin Turkiyya, 'yar ƙarama mai fure ruwan ƙasa da bakinsa ya sha rawaya. Akwai Fritillaria persica mai dogon kara da ƙararrawa masu duhu jere har sama, wadda wani shahararren irinta ke ɗauke da sunan garin Adiyaman. Akwai Fritillaria pudica, 'yar rawaya ta yammacin Amurka, da Fritillaria recurva ta Kalifoniya da Oregon, ja wur, wadda ƙananan tsuntsaye masu shan fure ke bi. Mutum guda na iya tara nau'i hamsin ko fiye, kowanne a tukunyarsa da alamar suna da asalin inda irin ya fito. Suna da ƙungiyoyi. Alpine Garden Society da aka kafa a Ingila a 1929 tana da reshe na masu firitilariya zalla, akwai kuma Scottish Rock Garden Club a Sikotlan. Suna shirya baje koli inda alƙalai ke zagaya tukwane suna ba da lambar yabo. Lambun tsirrai na Gothenburg a Suwidin yana cikin wuraren da suka fi tara irin waɗannan furanni a duniya. Kuna iya cewa wahalar banza ce, amma kowa da kiwon da ya karɓe shi.

Me waɗannan mutane suka iya da sauran ba su iya ba? Sun karanci kalandar tsaunin da shukar ta fito, suna kuma ƙoƙarin maimaita ta cikin tukunya.

Ku ɗauki gangaren dutse a gabashin Turkiyya ko a Zagros. Daga Yuni zuwa Agusta rana ce da fari, ƙasa ta bushe, albasa na barci. Da kaka ƙasa ta fara sanyi, ruwan farko ya sauka, sai saiwa ta fito, alhali a sama ba a ganin komai. Hunturu ya zo dusar ƙanƙara ta rufe wurin watanni. A ƙarƙashinta ba a jiƙe ake ba, domin ruwan a daskare yake, kuma sanyin ba ya hawa da sauka. Da ta fara narkewa sai ruwa ya yi yawa, amma ruwa ne mai wucewa ta cikin tsakuwa, ba mai kwanciya ba. Cikin 'yan makonni shukar ta fito, ta yi fure, ta yi iri, ta gina sabuwar albasa, ta kwanta kafin zafi ya dawo.

Yanzu ku kawo ta Ingila, inda hunturu yayyafi ne ba ƙaƙƙautawa, lokacin zafi ma ana ruwa. Za ta ruɓe. Saboda haka ɗakin gilashin da masu lambu ke gina mata ba don ɗumi ba ne, kuma nan ne baƙo ke yin mamaki. Ba a hura masa wuta, tagoginsa a buɗe suke har cikin tsananin sanyi don iska ta riƙa ratsawa. Aikin rufin ɗaya ne, ya tare ruwan sama, ta yadda ba ɗigon da zai taɓa tukunya sai wanda mai ita ya zuba da hannunsa.

Ƙasar tukunya haɗawa ake yi: ƙasa mai kyau, da ruɓaɓɓen ganye, da ƙananan tsakuwa masu kaifi da yawa, sau da yawa har rabin haɗin. Gwajin mai sauƙi ne. Ka zuba ruwa a sama, idan ya tsaya yana kallonka, haɗin bai yi ba. Da yawa sun fi son tukunyar yumɓu, su nutsa ta har wuya cikin yashi, domin yashin na hana saiwa jin zafi ko daskarewa, kuma ta jikin yumɓun laima na shiga kaɗan-kaɗan. A ƙarshen lokacin barci ake juye tukwane, a duba kowace albasa, a cire mai ciwo, a sake sabuwar ƙasa.

Sai ban ruwa, wanda shi ne sana'ar gaba ɗaya. Wasu ƙwararru a Sikotlan suna yin haka: farkon Satumba a yi wa tukwane ruwa sosai har ya fita ta ƙasa, a kwaikwayi ruwan farko na kaka. Bayan kamar wata guda a sake. Daga nan a riƙa bayarwa gwargwadon ganyen da aka gani, wadda ba ta fito ba a bar ta da ɗan danshi kawai. Amma da zarar an yi ruwan farko, an ɗauki alkawari, domin saiwa ta fito, kuma idan ta bushe ta mutu shukar ta yi asarar shekarar. Idan girma ya kankama a ƙara ruwa, a haɗa da taki mai yawan fotash irin na tumatir, don shi ke taimaka wa sabuwar albasa. Ganye ya fara rawaya a rage, ya kwanta a daina.

Duk wanda ya haddace wannan ya ce ya gama, to zai kashe wasu. Nau'o'in Sin da Himalaya a ƙasarsu lokacin zafi ne damina, saboda haka ba su san fari ba. Fritillaria camschatcensis, mai baƙin fure, wadda ke fitowa daga Japan da Kamchatka zuwa Alaska, 'yar dausayi ce. A shiryayye ɗaya za ka ga tukwane biyu gefe da gefe, ganyensu kusan iri ɗaya, wannan a hana ta ruwa wata uku, waccan kada a kuskura. Shi ya sa nake ganin littafin da ya fi amfani ga mai wannan sha'awa shi ne taswira da jadawalin ruwan sama.

Abokan gaba ba su da yawa, amma ɗaya ya isa. Wani ƙwaro ne da masana ke kira Lilioceris lilii, bai kai santimita guda ba, bayansa ja kamar an shafa masa fenti, kai da ƙafafu baƙaƙe. Yana da wayo. Ka kai hannu sai ya saki ganye ya faɗo ƙasa a rigingine, baƙin cikinsa ya saje da ƙasa, ka neme shi ka rasa. Masu lambu sukan tara hannu ɗaya a ƙasan ganyen kafin su taɓa da ɗayan. Idan ka kama shi ka kai kunne za ka ji yana ɗan ƙara. Yana jera ƙwai masu ruwan lemo a bayan ganye, tsutsar kuma, ku gafarce ni, kashinta take lulluɓa a jiki don tsuntsu ya ƙyale ta, tana nan tana cin ganye. Kun riga kun san abin da rashin ganye ke jawowa. Maganin da ya fi shi ne zagaye kowace safiya da tsincewa da hannu. Bayan shi akwai dodon koɗi da ke cin tsiro da dare, da fumfunar da ke kama ganye idan iska ba ta ratsa ɗaki.

Hanyar ƙara yawansu iri biyu ce. Wasu nau'o'in, musamman na Amurka, suna haifar ƙananan 'ya'ya farare a jikin albasa masu girman ƙwayar shinkafa, ana tsince su a raina. Ita camschatcensis ma mutanen asali na gaɓar Alaska da Kamchatka sun daɗe suna dafa ta su ci. Kada wannan ya ruɗi kowa, domin wasu, ciki har da biyun da muka fara da su, suna da guba.

Hanya ta biyu ita ce iri, kuma ita nake ganin ta raba mai sha'awa na gaskiya da mai saye kawai. Irin falle-falle ne, sirara kamar takarda, a jere cikin kwanso. Idan ka ɗaga ɗaya ka haska shi da rana za ka hangi ɗan zare a ciki, shi ne ɗan tsiron. Wanda ba shi da shi fanko ne. Ana shukawa da kaka, a rufe da tsakuwa, a ajiye tukunya a waje ta sha sanyi, domin ba zai tsira ba sai ya ga hunturu. Shekarar farko abin da za ka samu ganye ɗaya ne siriri, wanda mai shara zai iya tugewa da sunan ciyawa. Shekara ta biyu ganye ɗaya mai ɗan faɗi. Fure sai an shekara huɗu, biyar, wasu har fiye. Ƙungiyoyin da na ambata suna musayar iri tsakanin mambobinsu kowace shekara, kuma ta haka nau'o'i masu wuyar samu suka yaɗu a lambuna.

Na fifita iri ne saboda dalili biyu. Shukar da ta tashi a lambunka tun tana ƙwaya ta fi jure yanayinka, waɗanda ba za su iya ba sun riga sun mutu tun suna ƙanana. Sannan ba a taɓa daji ba. An daɗe ana haƙo albasar furanni daga tsaunukan Turkiyya ana kaiwa kasuwannin Turai, kuma shukar da ke buƙatar shekara biyar kafin ta yi iri ba ta iya tsere wa mai fartanya.

Misalin da ya fi girgiza ni daga Sin yake. A can busasshiyar albasar wasu nau'o'in firitilariya magani ce ta tari tun shekaru kusan dubu biyu, suna kiranta beimu, kuma har yau tana cikin wasu magungunan tari na kwalba. Wani nau'i, Fritillaria delavayi, yana fitowa cikin tarin duwatsu a tsaunukan Hengduan. Sai an haƙo sama da 3,500 kafin a samu kilo ɗaya busasshe. A 2020 masu bincike daga cibiyar nazarin tsirrai ta Kunming da Jami'ar Exeter suka wallafa abin da suka gano a mujallar Current Biology. A wuraren da ba a cika haƙa ba, ganyen kore ne, furen rawaya-rawaya, ana hango shi. A wuraren da aka fi haƙa kuwa, shukar ta koma ruwan toka ko ruwan ƙasa, daidai da launin dutsen da take kai. Ba su samu dabbar da ke cin ta ba, mutum ne kaɗai. Mai haske ana ganinta a tone, mai kama da dutse ta tsira ta yi iri, a haka a haka har launin zuriya ya sauya. Ɗalibai, idan aka tambaye ku misalin yadda zaɓi ke sauya halitta, ga shi nan, kuma hannun ɗan Adam ne ya yi shi.

Tambayar da na san tana zuwa ita ce ko za ta yi a nan. A'a. Tana buƙatar watanni na sanyi mai ɗorewa kafin ta yi fure, sanyin hunturunmu kuwa na dare ne, da hantsi ya wuce. Ko a Jos ko Mambila ban ga alamar zai isa ba, ga shi damina na sauka daidai lokacin da 'yan tsaunuka ke son fari. Wani zai ce a sa ta a firji. Mai wutar da ba ta ɗaukewa wata uku a jere yana iya gwadawa, amma ko ta yi fure sau ɗaya, sabuwar albasar ba za ta ginu cikin zafinmu ba. Kada kowa ya kashe kuɗinsa ya yi odar ta ta intanet.

'Yan uwanmu da ke zaune a Birtaniya ko Jamus ko Kanada, masu ɗan fili a bayan gida, su ne za su iya. Shawarata su fara da meleagris, su saye ta a tukunya tana da ganye idan sun samu, su tambaya ko a gona aka raine ta, su binne ta inda laima ke zama. Idan ta dawo shekara uku a jere, sannan su nemi ta tsauni.

Mu da ke gida kuma muna da namu masu albasa, irin su albasar kwaɗi da nau'o'in gadali, waɗanda ke kwana duk rani su farka da ruwan farko. Ana haƙo su don magani, kuma fadamun da suke fitowa kullum raguwa suke yi. Ina kira ga ɗaliban wannan fanni, wani ya ɗauki guda ɗaya daga cikinsu, ya rubuta watan da take fitowa, da watan da take fure, da irin ƙasar da take so, ya tara irinta ya gwada shukawa a tukunya ya ga shekara nawa za ta ɗauka. Aikin ba ya buƙatar ɗakin gilashi, kuma ya isa kundin kammala digiri.